Manomin Da Ya Ƙi Feshi: Wa Zai Tsaya Wa Ƙwarin Gona?

Mai karatu, akwai wata shari'a da aka yi a ƙasar Faransa wadda nake ganin ya kamata duk mai riƙe da fartanya ya ji labarinta. A shekarar 2013 hukumomin lardin Côte-d'Or, cikin yankin Bagandi, suka ba da umarni cewa masu gonakin inabi su yi feshin maganin ƙwari, domin kashe wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai tsotsar ganye, wanda ke yaɗa wata cuta da ke sa ganyen inabi ya canza launi, itacen ya bushe. Cutar ba ta da magani, in ta kama sai dai a tumɓuke.

Wani manomi mai suna Emmanuel Giboulot ya ce shi kam ba zai fesa ba. Hujjarsa ita ce ba a ga cutar a gonarsa ba, sannan ko maganin da ake haɗawa daga furen tsiro ba ya tantance maɓarnaci da mai amfani, har ƙudan zuma yana hallakawa. A watan Afrilun 2014 kotu a birnin Dijon ta ci shi tarar Yuro 1,000, aka jingine rabi, amma a Disambar wannan shekara kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Sai dai a lura, kotun ba ta ce feshi laifi ba ne; ta dogara ne da cewa ba a bi ƙa'ida wajen fitar da umarnin ba.

A nawa ganin, maƙwabtansa da suka ji haushinsa ba su yi wauta ba, don kuwa gona ɗaya tana iya jawo wa gari asara. To amma abin tambaya shi ne, me ke saura a gonar da aka yi wa feshin kan mai uwa da wabi? Gona tana da 'yan gadinta na asali: gizo-gizo da zanzaro da ƙananan halittun da ke cinye masu ɓarna. Idan aka kashe su, maɓarnatan ne ke fara farfaɗowa, manomi kuma ya koma kanti ya ƙaro magani.

Kada a ɗauka ƙaramin al'amari ne. A 2017 aka wallafa binciken masu nazarin ƙwari na garin Krefeld a Jamus, waɗanda suka yi shekara 27 suna kafa tarko suna auna nauyin abin da ya faɗa, a gandun da aka keɓe har 63. Nauyin ƙwari masu tashi ya ragu da fiye da kashi 75 cikin ɗari, kuma akasarin wuraren nan gonaki ne suka kewaye su. A 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da magunguna uku masu cutar da ƙudan zuma a filin gona.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabarun da manoman inabi da dama suka runguma. Suna barin ciyawa da furanni tsakanin layukan inabi maimakon share ƙasa ƙwal, suna dasa shingen itatuwa a gefe. Wasu kuma suna rataya 'yan ƙullin roba masu fitar da ƙamshin macen malam-buɗe-littafin da tsutsarsa ke huda inabi, sai namiji ya ruɗe ya kasa gano ta, haihuwa ta ragu, sauran ƙwarin kuwa babu abin da ya taɓa su.