Kiɗan Goge Huɗu: Yadda Kasuwa Ta Raine Shi a Turai

Duk wanda ya san goge ya san tsirkiyarsa ɗaya ce. Gogen Turawa kuwa, wanda suke kira biyolin, tsirkiya huɗu gare shi. A cikin kiɗe-kiɗensu na da akwai wani da mutum huɗu kawai ke yi, babu ganga, babu mawaƙi: biyu na riƙe da biyolin, ɗaya da biyola mai ɗan girma, na huɗun kuma da celo, babban goge mai kaurin murya da ake tokarewa tsakanin gwiwoyi. Sunan wannan kiɗa kwatet.

Wanda ake ɗauka uban wannan kiɗa shi ne Jozef Haidin, mutumin Ostiriya, da aka haifa a 1732. Da fari biyolin na farko ne ke jan waƙa, sauran ukun suna yi masa amshi. A kiɗe-kiɗen da ya tsara a 1772 sai Haidin ya ba kowane goge bakin magana, har celo ma yakan ɗauki waƙa, na gaba ya saurara. Shi ya sa marubucin Jamus Gote ya kwatanta kwatet da hirar mutum huɗu masu hankali.

To, ina ruwan ɗan kasuwa da wannan? Haidin bara ne a gidan sarautar Estahazi tun 1761, kuma a yarjejeniyarsa ta farko duk abin da ya tsara na maigidan ne. A 1779 aka sake yarjejeniya, ya sami damar sayar da aikinsa. A 1781 ya tsara sababbin kwatet shida, ya aika wa masu hali wasiƙu yana tallata su, yana cewa da sabon salo ya yi su. A 1782 kamfanin ɗab'i na Artaria a birnin Biyana ya buga su. A zamanin da babu rediyo, babu kaset, mai son kiɗa takardar yake saya, ya tara abokai uku su kaɗa a gida. Tunda mutum huɗu sun fi ƙungiyar mutum talatin sauƙin tarawa, hajar ta sami kasuwa har Faransa da Ingila.

Mozat ya nazarci aikin Haidin, ya tsara nasa shida, aka buga su a 1785 da sadaukarwa gare shi. Bayansa Bitoben ya tsara 16, na ƙarshensu a 1825 da 1826, lokacin ya riga ya kurumce. Wani basarake na Rasha, Galitsin, shi ya yi odar uku daga ciki. Ɗayansu ya ƙare da wani sashe mai wuyar gaske, wanda masu sauraro suka kasa gane kansa. Mai ɗab'in ya roƙi Bitoben ya sauya shi, ya ƙara masa kuɗi. Ya yarda, aka buga sashen daban a 1827. Yau masana na lissafa wannan sashe da aka cire cikin manyan ayyukansa.

A ƙarni na 20 Bela Bartok na Hungari ya tsara shida. Ya yi yawon ƙauyuka yana naɗar waƙoƙin manoma, har Biskira ta Aljeriya ya je a 1913, kuma abin da ya jiyo ya shiga cikin kiɗansa. A 1992 ƙungiyar Kronos ta Amurka ta fitar da faifai na ayyukan 'yan Afirka zalla, ciki har da Obo Addy na Gana, Foday Musa Suso na Gambiya da Hamza El Din ɗan ƙabilar Nuba.

Kayan kiɗan dai huɗun nan ne tun zamanin Haidin, fiye da shekara 250 ke nan. Mai son ya ji da kunnensa, faifan Kronos ɗin ya fi sauƙin farawa, sunansa Pieces of Africa.