Maƙerin Zinariyar da Ya Jawo wa Landan Kogi

Yau za mu koma birnin Landan na zamanin Sarki James na Ɗaya, lokacin da jama'a suka yi wa rijiyoyin garin yawa, kogin Thames kuwa ya zama matattarar ƙazanta, har ya kasance mai hali sai ya sayi ruwa hannun 'yan garuwa, talaka kuma ya sha abin da ya samu.

A cikin wannan hali ne Hugh Myddelton, haifaffen Denbigh ta ƙasar Wales wajen shekarar 1560, wanda ya zo Landan yana saurayi ya koyi ƙirar zinariya har ya zama tajiri kuma wakilin garinsu a majalisa, ya ɗauki alhakin wani aiki da hukumar birnin ta daɗe tana jan ƙafa a kansa, wato haƙa sabon kogi da zai jawo ruwa daga maɓuɓɓugan Chadwell da Amwell, tafiyar kusan mil 40. Aka soma aikin a 1609.

Hikimar al'amarin ita ce babu injin ko ɗaya. Magina suka bi gangaren ƙasa suna karkata, suna zagaye tudu, ta yadda a kowace mil ruwan ba ya sauka fiye da misalin inci 5, abin da bai kai taƙi guda ba, sai ya riƙa tafiya a natse kamar mai tsoron tada barci. Masu gonaki suka tayar da ƙayar baya, wai za a mayar musu da fili fadama, dabbobinsu su nutse. Aljihun Myddelton kuma ya soma yin ƙasa, har sai da Sarki ya yarda ya biya rabin kuɗin bisa sharaɗin rabin riba. (Shi Sarkin, in ba ku sani ba, a 1622 doki ya kayar da shi cikin wannan sabon kogi, ya fasa ƙanƙara, aka jawo shi ta ƙafa.)

Ranar 29 ga Satumba, 1613, ruwa ya iso tafkin Clerkenwell, daga nan aka raba shi gida-gida ta gungumen itace da aka rarake cikinsu. Masu saye suka yi nawa wajen zuwa. Ajali ya cim ma Myddelton a 1631, masu hannun jari kuwa sun daɗe kafin su ga riba.