Gyara wa Mai Makoki Jawabi

Malama ta ce kowa ya tashi ya yi jawabin minti biyar. Wata ɗaliba ta zaɓi rasuwar mahaifiyarta, ta yi magana murya na rawa. Da ta zauna aka raba takardu a rubuta mata ra'ayi, kusan kowa ya rubuta: "Ya yi kyau, Allah ya jiƙanta." Addu'ar ta dace. Sai dai yarinyar ta koma gida ba ta san inda jawabinta ya yi ƙarfi ba, balle inda ya yi rauni.

Kunya ce ta hana mu. Mun taso mun ga a zaman makoki ba a gyara wa kowa magana, sai "Ya haƙuri?" da addu'a. To, a fara da hakan. Yi mata ta'aziyya tukuna, kamar yadda za ka yi a ƙofar gidansu, sannan ka juyo kan aikin.

Baƙin cikinta ba naka ba ne da za ka auna. Kada ka ce ta cika kuka, kada ka ce ta rasa tawakkali. Manzon Allah (SAW) da kansa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Abin da aka ba ka ka duba shi ne ginin magana. Ka ce mata: "'Yar'uwa, inda kika ce har yau kikan zuba mata tuwo a kwanonta kafin ki tuna, ajin ya yi tsit, amma kin wuce da sauri. Da kin ɗan tsaya." Ko kuma: "Kin fara da jana'iza kafin mu san wace ce Inna, shi ya sa muka ɗan ɓace."

Kuskuren ilimi kuwa ba a yi masa kara. Ɗalibai na son jero matakai biyar na baƙin ciki da Elisabeth Kübler-Ross ta kawo a 1969, kamar kowa sai ya taka su bi da bi. Alhali daga hira da marasa lafiya masu jiran ajali ta fitar da su, ba daga waɗanda aka yi wa rashi ba. In ta faɗi haka, gyara mata.

Ni dai na fi son irin wannan gyara a takarda, ko bayan an tashi, ku biyu. A gaban aji, wanda hawayensa bai bushe ba ba ya jin komai sai sautin muryarka.