Iccen da ake tatsar sukari a jikinsa

A nan wajenmu in an ce zaƙi, sai hankalinmu ya tafi ga rake, ko zuma, ko dabino. To, akwai wata ƙasa mai nisa da ake kira Kanada, arewa da Amurka, inda ake samun zaƙi daga jikin icce, kamar yadda ake tatsar saniya. Sunan iccen da Faransanci erabul, da Ingilishi kuwa mapul. Ganyensa ne ke tsakiyar tutar Kanada tun shekara ta 1965.

Jihar Kebek, inda ake jin Faransanci, ita ke fitar da wajen kashi 70 cikin 100 na wannan ruwan zaƙi a duniya. Amma ba manyan manoma kaɗai ke aikin ba. Magidanci mai icce biyu ko uku a bayan gida shi ma yakan tatsi na iyalinsa. Mutanen ƙasar na asali su suka fara sanin wannan sana'a, wurinsu Turawa suka koya.

Iccen ba kullum yake ba da ruwa ba. Lokacin zafi ganyensa na haɗa abinci, yana ajiye shi cikin jiki da saiwa. In sanyi ya zo, abincin nan sai ya juye ya zama sukari. Sanyin can ba irin ɗarinmu ba ne, ruwa ma daskarewa yake yi. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, da dare ƙanƙara ta kama, da rana ta narke. Wannan daskarewa da narkewa su ke turo ruwan iccen ta duk kafar da aka yi masa. Shi ya sa ko mun dasa shi a Maradi ko Damagaram, ba za mu sami ko ɗigo ba. Kakar tatsar mako 4 ce zuwa 6.

Ba a taɓa ƙaramin icce. Sai kaurinsa ya kai santimita 25 daga gefe zuwa gefe, in an auna daidai ƙirjin mutum. Kafin ya kai haka yakan yi shekara 30 ko 40. Ana huda rami ɗaya, zurfinsa santimita 4 ko 5, faɗinsa kamar kaurin fensir. A karkata shi kaɗan don ruwa ya gangaro, a kafa ɗan bututu, a rataya bokiti mai murfi. Babban icce ne kaɗai ake yi wa rami biyu. Mai haɗamar da ya yi huɗu ko biyar kansa ya cuta, domin kowane rami yana barin wani sashe cikin iccen da ba zai sake ɗaukar ruwa ba. Baɗi sai a matsa gefe a huda sabon wuri, tsohon ramin ya rufe da kansa. Masu tsaga dakwara don samun ƙaro sun san wannan doka.

Ruwan da ke ɗiga garau yake kamar na rijiya. Sukarin da ke ciki kashi 2 ne ko 3 cikin 100. Sai an dafa wajen lita 40 kafin a sami lita 1 mai kauri, kuma kusan abin da rami ɗaya ke bayarwa ke nan duk kakar. Ku duba wahala: fiye da wata guda ana jigila, a ƙare da kwalba ɗaya!

Ruwan nan halin madara gare shi, da ya ji ɗumi sai ya lalace. Dole a kwashe shi kullum, a ajiye cikin ƙanƙara, a dafa shi cikin ƴan kwanaki. Ba a zuba shi cikin jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin ƙwari, ko da an wanke ta, don guba na maƙalewa cikin roba.

A waje ake dafuwar, saboda yawan tururi. Ana sa kasko mai faɗi bisa wuta mai ƙarfi, ana ƙara ruwa, ana kwashe kumfa. Wanda ya taɓa ganin dafuwar mazarƙwaila zai gane aikin. Wajen saukewa ne ake sanin gwani. Ruwa na tafasa a digiri 100, shi kuwa wannan sai ya kai 104, lokacin nan sukarinsa ya kai kashi 66. In an yi gaggawar saukewa, zai yi tsami ko fumfuna cikin kwalba. In an makara, ya daskare ko ya ƙone, aikin mako guda ya tafi a banza. Da an sauke, a tace da ƙyalle mai kauri, a ɗura cikin kwalba da zafinsa, a rufe ruf. Haka yakan shekara bai ɓaci ba.

Mutanen can suna zuba shi bisa wani irin fanke na alkama. Akwai masu cewa ya fi sukarin kanti amfani ga jiki. Mu dai a ganinmu kada a ruɗi kowa: kashi biyu cikin uku nasa sukari ne. Mai ciwon sukari ya kiyaye shi yadda yake kiyaye zuma da mazarƙwaila.

Ran da dare ya daina ƙanƙara, icce ya fara toho, ɗanɗanon ruwan sai ya ɓaci. Daga nan a zare bututu, a wanke bokitai da ruwan zafi, a kife su sai baɗi.