Tarkon Ƙetare Iyaka a Tambayoyin Auna Tunani

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana wani tarko da ake ɗana wa ɗalibai a jarrabawar auna tunani, irin su LSAT, wadda aka fara a Amurka a 1948 domin masu neman karatun lauya. Daga watan Agusta na 2024, kashi biyu cikin ukun da ake ba maki a wannan jarrabawa na auna hujja ne. Akan kawo gajeren bayani, a biyo shi da amsoshi 5, ɗaya tak ce daidai. Mun kira tarkon da sunan ƙetare iyaka, watau amsa ta faɗi fiye da abin da bayanin ya ƙunsa.

2.0 Ire-irensa

Mu ɗauki wannan misali: "Wasu manoman da suka sa taki bara sun sami gero mai yawa."

(a) Iyakar adadi. Amsar da ta ce duk wanda ya sa taki ya sami gero ta mai da "wasu" ya zama "duk".

(b) Iyakar lokaci. Bayanin ya tsaya a kan bara, saboda haka bai ce kome game da baɗi ba.

(c) Iyakar batu. Gero aka ambata, amsar da ta kawo dawa ta sauka daga kan magana, ko da kuwa gaskiya ce a gona.

(d) Iyakar dalili. Ba a ce takin ne ya kawo yabanyar ba, mai yiwuwa damina ce ta yi kyau.

Daɗin daɗawa, a maganar yau da kullum "wasu" na nuna akwai waɗanda ba su samu ba. A ƙa'idar mandiƙi kuwa ma'anarsa aƙalla ɗaya, kuma yana iya haɗawa da kowa. Nan ne ɗalibi mai ƙwazo kan faɗa.

3.0 Kammalawa

Muna ba malamai shawara su horar da ɗalibi ya ja layi a ƙarƙashin kalmomin adadi da na lokaci, sa'an nan ya gwada kowace amsa da su. Sai dai a lura, wannan ma'auni na tambayar da ke neman abin da bayani ya tabbatar ne. Idan an nemi a ƙarfafa hujja ko a raunana ta, to, an yarda amsa ta kawo sabon bayani, muddin ya shafi hukuncin da aka yanke.