Masu Filashin Kwamfuta a Zangon Akra

Akwai wata cuta da ke kama tsofaffin kwamfutoci wadda masu gyara a Akra suka yi wa farin sani. A kunna na'ura ta tashi lafiya lau, a shiga aiki, ba ƙara, ba hayaƙi, ba wani gargaɗi a fuskarta, sai kawai ɗif, ta ɗauke. A sake kunnawa ta tashi kamar ba ita ba, can an jima ta maimaita. Mai shagon buga takardu a Nima da ya tara masu jiran a cike musu fom, da ɗalibar Maamobi da ke tsakiyar rubuta kundin kammala karatu, abin da ke fara zo musu a rai ɗaya ne: wannan ta gama yayi, sai a nemi kuɗin wata. Sau da yawa kuwa da sauran ƙarfinta. Wanda zai iya raba gardama shi ne mai gyaran da ya san inda zai fara dubawa, ya kuma san abin da zai bari sai ƙarshe.

Yawancin kwamfutocin da ke aiki a unguwannin Zango na hannu ne, irin waɗanda 'yan Gana ke kira hom-yus. Sun gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, aka loda su a kwantena, aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Tema. Dell OptiPlex da Latitude, HP EliteBook, Lenovo ThinkPad, su ne suka cika shagunan Tip Toe Lane da ke Kwame Nkrumah Circle, daga nan su bazu cikin gari. Sabon Zongo kuwa, unguwar da Malam Bako ya kafa wajen 1912, ta zauna a tsakiyar harkar ƙarfe: ga Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota, a maƙwabta, ga Agbogbloshie ba nisa, inda kafin hukuma ta rushe filin 'yan gwangwan a watan Yulin 2021 mai gyara kan je ya tsinci fanka ko madabod daga gawar wata na'ura. Yaron da ya tashi a nan tun yana ƙarami ya saba ganin ana kwance abu a ɗaura, don haka kama sukundireba ba ya masa wuya. Abin da ke cin shekaru kafin ya zauna shi ne sanin ciwo.

Idan aka kawo kwamfuta mai mutuwa da kanta, ƙwararre tambaya yake fara yi kafin ya taɓa noti ko ɗaya. Alhaji, tana mutuwa ne in an ɗora mata aiki mai nauyi ko in an bar ta ba a taɓa ba? Hajiya, a kan katifa kike ɗora ta? An taɓa kai ta wurin wani? Amsar kowace tambaya na nuna wata hanya daban.

Zafi shi ne babban mai laifi. Furosesa na da ma'aunin zafi a jikinta, in ta doshi digiri 100 sai ta rage gudu, in abin ya ƙi sai ta yanke wuta don kada ta ƙone. Ƙurar hunturu da ke saukowa daga arewa tsakanin Disamba da Fabrairu kan haɗu da damshin bakin teku ta dunƙule a bakin fanka ta toshe mafitar iska. Mai gyara zai buɗe, ya zaro wannan dunƙulen da tsinke, ya hure da bulowa, ya goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen da ke janye zafi, ya ɗiga sabo. Na'urori da dama a nan suke warkewa. Bayan zafi sai akwatin wuta ko caja, sai ram da ya yi tsatsa a baki, sai ƙaramin batirin nan mai faɗi, CR2032 mai bolt 3, sai kuma kafasita. Tsofaffin hannu ba su manta da OptiPlex GX270 da GX280 ba, waɗanda aka ƙera a farkon shekarun 2000 lokacin da gurɓatattun kafasita suka cika masana'antu: kansu ya kumbura, wani ya fashe ya zubo baƙin ruwa, na'ura ta riƙa mutuwa ba sallama. Wannan ciwon ido ke ganinsa, dalma ke maganinsa.

Sai in duk waɗannan sun fita zargi ake waiwayar BIOS.

BIOS wata ƙaramar manhaja ce da ke zaune a kan madabod, cikin wata 'yar ƙwaya baƙa mai ƙafa takwas da ba ta kai faɗin farce ba, galibi ta kamfanin Winbond ko Macronix. Kamar uwar gida take, mai riga kowa tashi ta hura wuta kafin gida ya farka: ita ke tada furosesa, ta gwada ram, ta ba fanka umarnin gudu, ta tsara yadda na'ura za ta yi barci da yadda za ta farka, sannan ta miƙa wa Windows ragama. Tun kwamfutar IBM ta 1981 ake tafiya da ita, kuma ko da yake sabon tsari mai suna UEFI ya gaje ta, a bakin masu gyara har yau BIOS ce. Tunda mutane suka rubuta ta, akan sami kuskure a ciki. Wata ba ta karanta zafi daidai, wata ba ta tada fanka a kan kari, wata ba ta san sabuwar furosesar da aka ɗora mata ba. Shi ya sa kamfanoni ke fitar da gyararrun juyi lokaci zuwa lokaci. Sai dai na'urar da ta yi shekara biyar a wani ofishi a Jamus ko Holan, ta ƙara wasu a Akra, ba mamaki tana nan da juyin da ta baro masana'anta da shi.

Wani lokacin ma ba sai an sabunta ba. A 2013, da Intel ta fito da furosesar Haswell, ta zo da wani barci mai zurfi da ke jan wuta kaɗan ƙwarai, har tsofaffin akwatunan wuta su ɗauka ba a buƙatarsu, su kashe kansu. Mai irin wannan na'ura zai ce maka tana aiki garau muddin ana taɓa ta, da an tashi alwala a dawo a tarar ta mutu. Shiga BIOS a kashe wannan barcin, da ake kira C6 da C7, ya wadatar.

Amma ciwon da ya fi burge ni a wannan sana'a shi ne na minti talatin. A cikin na'urorin Intel akwai wani ɓoyayyen sashe mai suna Management Engine, wanda manhajarsa ke kwana cikin ƙwayar nan ta BIOS. Idan manhajar ta lalace, ko wani ya zuba wadda ba ta dace ba, a yawancin na'urorin nan kwamfutar za ta tashi ta yi aiki, amma minti talatin na cika sai ta mutu. Ba ruwanta da zafi, ba ruwanta da nauyin aiki. Don haka za ka ga masta ya kunna na'ura, ya ajiye wayarsa a gefe yana ƙirga lokaci, ya koma kan wani aikin. In ta mutu a minti goma sha biyu yanzu, an jima a minti arba'in, ya san ya koma wajen fanka da wuta. In kuwa sau biyu ta faɗi daidai kan talatin, ya gama gano ciwo da agogo kaɗai. Wanda bai san wannan ba zai canza fanka, ya canza caja, ya sake zuba Windows, ya cinye kuɗin mai kaya, daga ƙarshe ya ce madabod ta mutu.

Zuba sabuwar BIOS, wato filashin, a baki ba wuya. A karanta ainihin lambar na'ura, a Dell ta Service Tag, a madabod ɗin Gigabyte har da lambar juyin allon da aka buga a kusurwa, domin alluna biyu kan yi suna ɗaya cikinsu ya bambanta. A sauko da fayil daga shafin kamfanin, a sa a filash, a shiga ta Q-Flash ko EZ Flash ko M-Flash gwargwadon mai allon. Mintuna kaɗan ne. Amma a cikin mintunan nan ana goge tsohuwar manhaja ana rubuta sabuwa, kuma in wuta ta ɗauke a tsakani, na'urar ba ta da tsohuwa ba ta da sabuwa. Ko haske ba za ta ƙara kawowa ba. A ƙasar da ta sha dumsor, wato yawan ɗaukewar wuta, inda a 2015 wuta kan tafi awa 24 ta dawo awa 12, ba wanda ke buƙatar a yi masa dogon bayani. Mai gyara na gari ba ya filashin kwamfutar tebur sai a kan UPS, mai riƙe wuta in an ɗauke, ba ya taɓa laftof sai da batir mai rai da caja a jone. Manhajar Dell ma da kanta takan ƙi farawa in cajin batir ya yi ƙasa sosai, kuma yaron da ya koyi dabarar tsallake wannan shingen kafin ya fahimci dalilin kafa shi abin tsoro ne a shago.

In ta riga ta faru, ko kuma ciwon na minti talatin ne da filashin na yau da kullum ba ya kaiwa gare shi, sai a ɗauko 'yar na'urar nan mai arha, CH341A, da matsenta mai haƙora takwas. Mai gyara zai sunkuya da gilashin ƙara gani, ya nemo ɗigon da ke nuna ƙafa ta farko, ya daidaita jar waya da ita, ya matse. In matsen ya ƙi kamawa sai ya ɗaga ƙwayar da iska mai zafi ya ɗora ta a kan na'urar. Dole ya duba ko ƙwayar ta bolt 3.3 ce ko ta 1.8, don wutar da ta yi yawa kan ƙone ta. Ƙa'ida ta farko da masta ke nanata wa yaransa ita ce a kwafe abin da ke ciki a adana kafin a goge komai, a kwafa sau biyu a gwada ko sun yi daidai. Dalili kuwa, a cikin ƙwayar nan lambar na'urar take, kuma tun zamanin Windows 8 a 2012 har mabuɗin lasisin Windows a nan ake ajiye shi. Wanda ya ɗauko fayil ɗin wata na'ura ya zuba ba tare da ya mayar da waɗannan ba, ya tada kwamfutar amma ya raba mai ita da haƙƙinsa.

A nan ne nake ganin sana'ar ta rabu biyu. Akwai masu cewa "sai an yi filashin" ga duk abin da aka kawo, saboda kalmar na da kwarjini kuma mai kaya ba shi da hanyar ganin abin da aka yi. Akwai kuma wanda zai hure ƙura, ya karɓi kuɗin hure ƙura, ya ce a je a gwada kwana biyu. Na biyun nan shi unguwa ke riƙewa, domin a Zango labarin mai amana da na maci amana duk ba sa kwana, a bakin masallaci ake baza su.

Abin da ke damuna shi ne kayan aikin nasu na ƙara wuyar samu. A Nuwamban 2019 Intel ta cire fayilolin BIOS na tsofaffin allunanta daga shafinta, alhali na'urorin na nan suna aiki a makarantu da shagunan Afirka ta Yamma. Masu gyara sai suka koma tara fayiloli a tsofaffin had-dis, suna musayarsu ta WhatsApp da Telegram, inda ba kullum ake sanin asalin fayil ko lafiyarsa ba. Ga shi kuma Microsoft ta janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa ba ta karɓar yawancin furosesar Intel da suka girmi zuriya ta takwas. Lafiyayyun na'urorin da ofisoshin ƙasashen waje za su sallama saboda wannan, da yawansu ta Tema za su shigo, kowace da tsohuwar BIOS ɗinta. Ya kamata ƙungiyoyin masu gyara da makarantun koyon sana'a na Gana su haɗa rumbu guda na tantattun fayiloli, kowanne da lambar allonsa, su kuma dage wajen koya wa yara karanta takardar da ke rakiyar kowane sabon juyi, wadda kamfani ke bayyana ciwon da ya gyara a cikinta.