Iyayen da Suka Ƙi Komawa Gida

Muna 'yan sakandare a Kafinsoli lokacin da labarin ya iso mana: a daren Juma'a, 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. Sa'o'inmu ne, wasu ma ƙannenmu. Washegari gwamnatin Katsina ta rufe makarantun kwana.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne iyayen yaran. Galibinsu talakawa ne, ba muƙami, ba wata ƙungiya a bayansu. Kullum sai su hallara a makarantar cikin sanyin hunturu, suna jiran a gaya musu inda 'ya'yansu suke. Da shiru ya yi yawa, suka yi zanga-zanga a garin, mata na kuka suna kiran hukuma. Tattaunawa ce ta fito da yaran, gaskiya ne, amma a ganinmu da iyayen sun koma gida sun zura ido, da maganar ta yi sanyi.

Ranar 17 ga watan, Gamayyar Ƙungiyoyin Arewa ta fita titunan birnin Katsina. A daren aka sanar da sakin yara 344. Da safe aka iso da su birnin, da yawansu ko takalmi babu.